MINSHARI DA ƊAUKEWAR NUMFASHI CIKIN BARCI, DA MAGANINSU DA KUBEN HAƘORI

Darasi domin Hakimai da Malamansu na Kazaure, da Roni, da Gwiwa, da Babura

1. DALILIN WANNAN DARASI

Minshari abu ne da kowa ya sani, galibi kuwa abin dariya a ke ɗaukarsa. In aka kwana a zaure ko a masaukin fatake, da gari ya waye sai a yi ta tsokanar wanda ya hana mutane runtsawa, shi kuwa ya yi ta rantsuwa bai yi ba. Sau da yawa iyakar abin ke nan, ba ya cutar kowa sai kunnen abokan kwana. Amma akwai wani irin minshari wanda likitoci suka tabbatar alamar cuta ne, watau wanda numfashin mutum ya kan ɗauke a tsakiyarsa, ya yi tsit, sa'an nan ya fizgo iska da gurnani. Likitoci suna kiran wannan cuta afniya, ma'anar kalmar kuwa da harshen Girka rashin numfashi.

Cutar ba ta Turawa kaɗai ba ce. A 2019 masana suka ƙiyasta mutum wajen miliyan 936 a duniya, 'yan shekara 30 zuwa 69, suna da ita, miliyan 425 daga cikinsu kuwa tasu ta wuce ƙarama. Nijeriya tana cikin ƙasashe goma da suka fi yawan masu ita. Yawancinsu ba su sani ba, gama mai barci ba ya jin kansa.

An shirya wannan darasi domin hakimai da malamansu su gane cutar, su san wani magani nata wanda ba ya bukatar lantarki, su kuma san hanyar da ta kamata mutum ya bi ya same shi.

2. KADA A RIKITA TA DA WAƊANSU

Wannan ba ciwon barci ba ne, wanda ƙudan tsando ke kawowa, wanda saboda shi aka tashi mutanen Anchau ta ƙasar Zazzau aka gina musu Takalafiya wajen 1940. Wancan ƙwayar cuta ce cikin jini. Ba kuwa dannau ba ne, wanda mutum ya kan farka ya ji ya kasa motsi na ɗan lokaci. Afniya tosuwar hanyar iska ce a maƙogwaro. Ba a ɗaukarta daga wani, ba kuwa aikin iskoki ko sammu ba ne.

3. YADDA ABIN KE FARUWA

Iskar da mutum ya shaƙa ta kan bi ta hanci, ta wuce bayan ganɗa da beli, ta bi ta bayan harshe, kana ta gangara huhu. Wannan wuri na bayan ganɗa da harshe ba shi da ƙashin da zai tokare shi, tsoka ce zalla. Muddin mutum yana farke tsokar tana ɗaure, hanya tana buɗe. Da barci ya yi nauyi sai ta saki, kamar yadda wuyan salka ke lafewa in ruwa ya ƙare. In hanyar ta ƙuntata, iska ta kan wuce da ƙyar tana kaɗa ganɗa da beli, kamar yadda ta ke kaɗa zanen da aka shanya. Ƙarar nan ita ce minshari.

In kuwa hanyar ta rufe sarai, ƙirji ya yi ta ja amma babu abin da ke shiga. Iskar oksijin da ke cikin jini ta ragu, zuciya ta matsu, har ƙwaƙwalwa ta farkar da mutumin na ɗan ƙiftawa, tsoka ta ɗaure, hanya ta buɗe, ya koma barci bai san an yi ba. Jim kaɗan abin ya sāke. Likitoci ba su lissafa ɗaukewa sai ta kai daƙiƙa 10, wata kuwa ta kan kai minti guda.

Abubuwan da ke ƙuntata hanyar su ne ƙiba, musamman kitsen wuya, da ƙaramar haɓa wadda ta shige ciki, da babban harshe, da toshewar hanci irin wadda ƙurar hunturu ke ƙarawa, da kwanciyar rigingine, da tsufa. Giya, da ƙwayoyin sa barci, da maganin tari mai kodin, da taramol, duk suna daɗa tsananta abin. Maza sun fi mata yinta, amma mata su kan kusa kamo su bayan sun daina al'ada.

4. ILLARTA

Mutumin da a ke tayarwa sau ɗari a dare, ko ya kwana awa takwas a shimfiɗa bai yi barci ba. Ya kan tashi da ciwon kai da bushewar baki, ya yini yana gyangyaɗi a gona, ko a ofis, ko a majalisa, ga mantuwa da saurin fushi. Ya kan yawaita tashi fitsari da dare. Da tafiya ta yi nisa cutar ta kan jawo hawan jini wanda ba ya jin magani sosai, tana kuma ƙara haɗarin ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon sukari.

Illar da ta fi shafar jama'a ita ce ta hanya. Bincike ya nuna direba mai wannan cuta, wanda bai yi magani ba, haɗarinsa ya ninka na sauran direbobi sau biyu ko fiye. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 kowace daƙiƙa. In direba ya yi gyangyaɗin daƙiƙa uku kacal a hanyar Kano zuwa Kazaure da Daura, motarsa ta yi tafiyar fiye da mita 60 ba mai tuƙi, da fasinja cike. Saboda irin wannan ne ƙasashen Tarayyar Turai suka sa dokar duba cutar cikin sharuɗɗan lasin tuƙi a 2014.

5. YADDA A KE GANE TA

Babban mashaidi shi ne wanda ke kwana kusa da mutum, watau iyalinsa ko abokin tafiyarsa. A 2008 likitoci a Toronto ta ƙasar Kanada suka shirya tambayoyi takwas waɗanda kowane malami zai iya yi:

(1) Yana minshari mai ƙarfi, har a ji daga bayan ƙofa?
(2) Yana yawan jin gajiya ko barci da rana?
(3) Wani ya taɓa ganin numfashinsa ya ɗauke, ko ya sarƙe cikin barci?
(4) Yana da hawan jini?
(5) Yana da ƙiba ƙwarai, kamar mai tsawon mita 1.7 wanda ya haura kilo 101?
(6) Ya wuce shekara 50?
(7) Kaurin wuyansa ya kai santimita 40, watau inci 16? Tef ɗin tela ya isa aunawa.
(8) Namiji ne?

Wanda ya amsa i sau uku ko huɗu ya kamata ya ga likita. Wanda ya amsa sau biyar ko fiye lalle ne ya tafi ba da jinkiri ba.

Tambayoyin nan nuni kawai su ke yi. Abin da ke tabbatar da cutar shi ne awon barci. A kan ɗaura wa mutum na'ura a yatsa, da hanci, da ƙirji, ya kwana da ita a asibiti ko a gida, ta lissafa sau nawa numfashinsa ya ɗauke ko ya ragu ƙwarai, sa'an nan a raba da awowin barcinsa. Daga 5 zuwa 14 a awa ƙarama ce, 15 zuwa 29 matsakaiciya, 30 ko fiye mai tsanani. Misali, wanda ya yi barcin awa 7 aka lissafa masa 210, nasa 30 ke nan a awa, watau kowane minti biyu sai ya shaƙe.

6. MAGANI IRI BIYU

Ko da ya ke minshari daɗaɗɗe ne, sai a 1965 likitoci a Faransa da Jamus suka auna masu barci suka ga ɗaukewar numfashin. A 1981 wani likita a Sidni ta Ostareliya, Colin Sullivan, ya bayyana injin da ke hura iska ta hanci duk dare, ta riƙe maƙogwaro a buɗe. Sunan injin CPAP, har yanzu kuwa shi ne ya fi ƙarfin aiki, musamman ga cuta mai tsanani. Amma yana da tsada, yana bukatar lantarki kowane dare tun daga kwanciya har asuba, ga kayan gyaransa. Mutum da yawa ma ba su jure barci da takunkumi a fuska. A garin da wuta ba ta tsayawa, sai mai batir ko mai kayan lantarkin rana ne zai more shi.

Magani na biyu shi ne wanda a nan aka kira kuben haƙori, domin haƙora su kan shige cikinsa kamar yadda wuƙa ke shiga kubenta. Roba ce mai tauri, gida biyu, ɗaya na haƙoran sama, ɗaya na ƙasa, an haɗa su yadda muƙamuƙin ƙasa zai ɗan turo gaba ya tsaya nan har safe. Hikimar abin ita ce, gindin harshe a jikin ƙashin haɓa ya ke liƙe ta ciki. In haɓa ta matso gaba sai ta jawo harshe, bayan maƙogwaro ya yalwata, tsokar gefensa ta miƙe. Kowa yana iya jarrabawa: ya kwanta rigingine ya kwaikwayi minshari, sa'an nan ya turo haƙoran ƙasa gaba da na sama ya sāke gwadawa. Zai ji ƙarar ta ƙi fita sosai.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1902 wani likitan baki na Faransa, Pierre Robin, ya ƙera abin turo muƙamuƙi domin yara masu ƙaramar haɓa. A 1982 aka bayyana wani iri a Amurka mai riƙe harshe kansa, a 1984 kuwa likitoci a Jamus suka ba da labarin mai turo muƙamuƙi domin manya masu afniya. A 2015 ƙungiyoyin likitocin barci da na haƙori na Amurka suka fitar da ƙa'ida, cewa a ba da kube ga mai minshari da ya nemi magani, da mai afniya wanda ya kasa jure inji ko ya fi son kuben, amma ya zama wanda likitan haƙori ya auna wa mutum shi kaɗai, mai yiwuwar ƙarawa da ragewa.

Lalle ne a faɗi gaskiyar iyakarsa. Cikin mutum uku da suka sa shi, kamar ɗaya ya kan rabu da ɗaukewar numfashin, ɗaya ta ragu ƙwarai, ɗaya kuwa ba ya samun wani amfani. Ya fi yi wa masu ƙarama da matsakaiciya, da marasa ƙiba sosai, da waɗanda tasu ta fi tashi in sun yi rigingine. Duk da haka, a 2013 likitoci a Sidni suka gwada wa mutane fiye da ɗari inji wata guda, kube wata guda, suka tarar inji ya fi rage ɗaukewar numfashi, amma mutane sun fi daɗewa da kube a baki, har amfanin biyun wajen barcin rana ya zo kusan ɗaya. Maganin da a ke sha ya fi wanda ke ajiye a kan gado.

7. YADDA A KE YINSA DA YADDA A KE RIƘONSA

Da fari likita ya tabbatar da cutar. Sa'an nan likitan haƙori ya duba baki. Ana bukatar haƙora masu ƙarfi wajen takwas zuwa goma a sama, hakanan a ƙasa, da dasashi mai lafiya, da mahaɗin muƙamuƙi wanda ba ya ciwo. In akwai ruɓaɓɓen haƙori ko dasashi mai jini, sai an gyara tukuna. Wanda giɓinsa ya yi yawa kuben ba zai sami abin kamawa ba. Ashe asuwaki da kula da haƙori tun da ƙuruciya suna da ranarsu.

Daga nan ya ɗauki sawun haƙoran da wani ƙulli mai laushi, ko da na'urar ɗaukar hoto, a ƙera kuben daidai da bakin mai shi. A kan fara turo muƙamuƙin kamar rabi, ko fiye kaɗan, na iyakar abin da mutum zai iya turowa. Sai a riƙa ƙarawa da rabin milimita ko milimita guda, mako bayan mako, har minshari ya lafa, barcin rana ya ragu. Bayan wannan ya wajaba a sāke awon barci da kuben a baki, gama minshari ya kan yi shiru alhali ɗaukewar numfashi tana nan.

A makonnin farko yawu ya kan yawaita ko baki ya bushe, haƙora da muƙamuƙi su yi tsami da safe. Galibi wannan ya kan wuce. Amma bayan shekaru haƙora su kan ɗan gusa, cizo ya sāke. Don haka a koma wa likitan haƙori bayan wata shida, daga nan kowace shekara.

Wajen riƙo, a goge haƙora kafin a sa shi, kada a kwana da guntun goro a baki. Da safe a wanke shi da ruwan sanyi da burushi, a shanya a inuwa, a rufe cikin gwangwaninsa. Ruwan zafi, da rana, da zafin cikin mota su kan lanƙwasa shi. Ba a aronsa, ba a ba da aro. Ranar da ba a sa shi ba cutar ta dawo, gama tokara ya ke yi, ba warkarwa ba. Amfaninsa kuwa, aljihu ya ishe shi, direba ko falke ya tafi da shi duk inda dare ya yi masa.

8. ABUBUWAN DA ZA A GUJE WA

Na ɗaya, cire beli a wurin wanzami. Da ya ke beli yana kaɗawa cikin minshari, waɗansu su kan zaci yanke shi ne magani. Tosuwar ta fi yawa a bayan ganɗa da gindin harshe, inda aska ba ta kaiwa. Ga haɗarin zubar jini, da ruɓewar miki, da sandarewar wuya, da cututtukan da aska ɗaya ke yaɗawa. Likitoci ma suna da aikin ganɗa tun 1981, amma a ɗakin tiyata, ga zaɓaɓɓun mutane, shi ma ba kowa ya ke yi wa ba.

Na biyu, kuben da a ke tallarsa a kanti ko ta waya, wanda a ke tsomawa a ruwan zafi a ciza. Ya kan faɗo cikin dare, ya kan ɓata haƙori, bai kuwa kai na awo aiki ba. Araha ba ta ado.

Na uku, shan ƙwayar barci ba da izinin likita ba. Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Mai afniya ya fi kowa dalilin nisantarsa.

Na huɗu, sa wa yaro kuben manya. Yaron da ke minshari kowane dare, yana barci baki buɗe, galibi tsokokin maƙogwaro da na bayan hanci ne suka kumbura. An fi ganin haka ga masu sikila. A kai shi wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro.

Akwai kuma taimako na kyauta. Wani bincike a Amurka a 2000 ya nuna rage kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki ya kan rage ɗaukewar numfashi da wajen kashi 26. A bar taba da giya. A kwanta a gefe; wanda ya saba juyawa rigingine ya ɗinke ƙwallon goruba a bayan taguwar barcinsa.

9. AIKIN HAKIMAI DA MALAMANSU

Ana roƙon kowane hakimi ya sa a karanta wannan darasi a taron dagatai da masu unguwanni, su kuma su kai wa talakawa. A fi mai da hankali ga direbobin haya da na manyan motoci, da masu babur, da masu injin niƙa, da masu gadi. A gana da shugabannin tasha, a nuna musu neman magani ba abin korar mutum daga sana'a ba ne, abin tsare ransa ne da na fasinja. Wanda barci ke fizga a kan sitiyari ya dakata da tuƙi sai likita ya gan shi.

Magidanta su tambayi iyalinsu abin da su ke ji da dare, kada su ɗauki maganar raini. Mata ma'aikatan lafiya su bayyana wa mata a asibiti, gama su ma suna yi, kunya kuwa ta kan hana su faɗi.

Hanyar da za a bi ita ce wannan. Mutumin Achilafiya, alal misali, cikin ƙaramar hukumar 'Yankwashi, ya fara zuwa ƙaramin asibitin da ke kusa da shi a auna jininsa da nauyinsa. Daga nan ya tafi Babban Asibitin Kazaure, mutumin Babura kuwa ya tafi na Babura. In likita ya ga alama, shi zai faɗi inda za a yi awon barci, ya rubuta takarda zuwa babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da ke Kano, inda akwai sashen haƙori da muƙamuƙi, da sashen kunne da hanci da maƙogwaro. Likita ne zai zaɓa tsakanin inji da kube. Mai cuta mai tsanani, da mai ciwon zuciya ko na huhu, kada su yanke wa kansu.

Malamin hakimi zai taimaka ƙwarai in ya rubuta wa mai tafiya 'yar takarda: sunansa, da shekarunsa, da sana'arsa, da amsoshin tambayoyin nan takwas, da abin da mai kwana kusa da shi ya gani, da magungunan da ya ke sha. A ba mai ita ya riƙe. Kada a ajiye sunayen mutane a ofis, kada kuma a tilasta wa kowa, gama ciwon mutum asirinsa ne. Wanda ba shi da halin tafiya, dagaci ya sanar da hakimi a ga yadda dangi da masu hali za su taimaka. Rigakafi ya fi magani, kuɗin mota zuwa Kano kuwa bai kai na jinyar shanyewar jiki ba.

TAMBAYOYI

1. Mene ne bambancin afniya da ciwon barci?
2. Me ya sa turo muƙamuƙi gaba ke buɗe hanyar iska?
3. Mutum ya yi barcin awa 6, aka lissafa masa 108. Nawa ke nan a awa, kuma wane mataki ne?
4. Don me a ke sāke awon barci bayan minshari ya yi shiru?
5. A kawo dalilai uku da suka sa cire beli ba maganin minshari ba ne.
6. Waɗanne masu sana'a ne a gundumarku ya kamata su fara jin wannan darasi?